An rufe kalmar sirrin nan ta kowa da kowa: yaya za a shiga rumbunan bincike daga gida?

Baban Amira (Laburare):
Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, sanarwa ce daga sashen laburaren intanet. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara kirana a waya.

Daga Litinin mai zuwa, kalmar sirrin nan guda ɗaya da muke liƙawa a allon ƙofar laburare za ta daina aiki. Kowa zai riƙa shiga rumbunan bincike, wato shafukan intanet da ke tara mujallu da maƙalun ilimi, da imel ɗinsa na jami'a. Wanda ke cikin makaranta a kan intanet ɗin jami'a, babu abin da ya canza masa, rumbunan za su gane shi da kansu. Masu shiga daga gida ne abin ya shafa.

Sannan rumbun mujallun injiniyanci da muke biya duk shekara bai samu sabuntawa ba, zai rufe ƙarshen wata. Mai abin saukewa ya sauke.

Wanda ya daɗe bai leƙa rumbun EBSCOhost ba zai tarar fuskarsa ta sauya, kamfanin ya janye tsohon tsarin a 2025. Masu tambayar rumbun hotuna na Artstor kuwa, tun 1 ga Agusta 2024 aka rufe shafinsa, hotunan sun koma cikin rumbun JSTOR.

Ummu Haidar:
Wa alaikumus salam. Malam, imel ɗin jami'a kuma? Ni dai tun ranar rajista da aka rubuta mini shi a 'yar takarda ban sake ganinsa ba. Kuma a wani gari nake aiki, sai ƙarshen mako nake shigowa. Babi na biyu nake rubutawa, sai yara sun yi barci nake buɗe kwamfuta. Yanzu ya zan yi?

Ɗan Birni:
Malama, kwantar da hankalinki. Mu da muka daɗe da gano wata hanya ko a jikinmu. Ki biyo ni ta bayan fage in nuna miki.

Baban Amira (Laburare):
Ɗan Birni, na san hanyar da kake nufi, za mu dawo kanta. Malama Ummu Haidar, ofishin kwamfuta na jami'a ne ke sabunta imel, ki je da katin shaidarki. Na roƙe su su buɗe ranar Asabar har azahar saboda irinku.

Injiniya:
Ni maganar imel ba ta dame ni ba. Layi na biyu na sanarwar nan ne ya hana ni cin abincin rana. Ɗalibai tara nake dubawa a digiri na biyu da na uku, dukkansu a rumbun nan suke samun takardun taruka da mujallun fanninmu. A tashi rana tsaka a ce ya rufe ƙarshen wata, ba a tuntuɓi sashe ba, ba a tuntuɓi tsangaya ba? Wa ya yanke wannan hukunci?

Hajiya Babbar Ma'aikaciya:
Injiniya, Allah ya huci zuciyarka. Ni na zauna a kwamitin, bari in faɗa maka yadda aka yi, ko da ba za ta yi daɗin ji ba.

Duk waɗannan rumbuna da dala ake biyansu. Kafin Yunin 2023, lokacin da Babban Banki ya saki naira ta nemo wa kanta daraja, dala tana wajen naira 460 a hukumance. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Kuɗin da aka ware wa laburare kuwa da naira yake, kuma bai ninka uku ba. Ɗauki ƙaramin misali: Research4Life, shirin da ke ba ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallu kyauta ko da rahusa, na karɓar dala 1,500 a shekara daga kowace cibiya a ƙasashen rukunin B, wato masu biya. A tsohon canji naira 690,000 ke nan, a sabo ya zama miliyan 2 da dubu 250. Wannan shi ne mai araha a cikinsu, to ka kwatanta da manyan.

Da kuɗin ya gaza, dole a zaɓi wanda za a bari. Kowane kamfani yana aiko mana da rahoton amfani, wanda ake kira COUNTER: sau nawa aka bincika, takarda nawa aka sauke a wata. Ma'aji ba ya tambayar wane fanni ne ya fi daraja. Kuɗin shekara yake ɗauka ya raba da yawan takardun da aka sauke, ya ga nawa kowace takarda ta tsaya mana. Na injiniyanci shi ya fi kowanne tsada a wannan lissafi, da tazara mai yawa.

Injiniya:
Ranki ya daɗe, ba zai yiwu ba. Ɗalibaina kullum cikin karanta takardun nan suke.

Hajiya Babbar Ma'aikaciya:
Suna karantawa, ban musa ba. Tambaye su ta ina suke sauke su.

Ɗan Birni:
Tun da an zo nan, bari in faɗi gaskiya, kowa ya san ta. Ta Sci-Hub muke saukewa, shafin nan da ke raba maƙalu kyauta ba da izinin mawallafa ba. Ka kwafi DOI, wato lambar shaidar maƙala, ka liƙa, takarda ta fito kafin ka kurɓi shayi. Ta hanyar laburare kuwa sai ka buɗe shafi huɗu, kalmar sirri ta ƙi shiga, ka sake, data ta ƙare. Wa zai bar hanya miƙaƙƙiya ya bi ta kwana-kwana?

Hajiya Babbar Ma'aikaciya:
To ka ba Injiniya amsa da bakinka, ɗana. Duk takardar da ka ɗauko ta can, a rahotonmu ba a karanta ta ba. Ku ɗari kuna amfana da mujallar, takardar da ke gaban ma'aji tana cewa mutum biyar ne. Ni da me zan kare ta?

Injiniya:
Wannan kam ban taɓa tunaninsa ba. Amma Hajiya, ba laifin yara kaɗai ba ne. Shekara nawa muna biyan rumbun nan ba a taɓa zuwa sashenmu an koya wa ɗalibai yadda ake shiga ba? Bita ɗaya ake yi, makon shigowar sababbin ɗalibai, a zauren da na baya ba ya jin na gaba. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya: sau nawa ake barin biyan kuɗi ya wuce, sai an ji tawagar tantancewa ta hukumar jami'o'i, NUC, na tafe a yi ta gudu a sabunta, a buga takardar shaida a ajiye a fayil? Ɗalibi ya zo watan Maris ya tarar a rufe, ya dawo watan Yuni ya tarar a rufe, ran da aka buɗe wa zai gaya masa?

Hajiya Babbar Ma'aikaciya:
Wannan na karɓa. Ba zan kare abin da na san ana yi ba.

Tsohon Malami:
Ku gafarce ni, ni da wuya nake magana a nan, yatsuna ba su saba ba. Da muka yi namu karatun, idan kana neman maƙala a mujallar da babu ita a laburare, fom kake cikawa, a aika Ingila, ka jira wata biyu ko uku kwafi ya zo ta gidan waya. Wani lokaci ya zo shafi ɗaya ya yanke. Ban faɗi haka don in ce ku yi haƙuri ba. Abin da ke damuna daban ne.

Mujallun da muka saya a wancan zamani har yau suna nan a bene na biyu, ƙura ta rufe su amma namu ne. Wannan na yanzu haya ce. Mun biya shekara da shekaru, ran da muka kasa biya aka rufe ƙofa, ko shafi ɗaya ba a bar mana ba. Hajiya, haka yarjejeniyar take?

Hajiya Babbar Ma'aikaciya:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Ya danganta da yarjejeniya. Akwai wadda ke barin maka shekarun da ka biya har abada, akwai wadda ba ta barin komai. Wannan da za a rufe irin ta biyun ce, shi ya sa ta fi sauƙi tun farko. Kuma iskar can take kaɗawa. A Fabrairun 2025 kamfanin Clarivate, wanda ya sayi kamfanin ProQuest a 2021, ya sanar zai daina sayar da littattafan intanet sayen dindindin a rumbunsa na Ebook Central, sai dai haya ta shekara. Laburarorin Amurka da Ingila suka yi ca, kamfanin ya ɗaga wa'adin. Waɗannan fa masu kuɗi ne suke kuka.

Tsohon Malami:
To, Allah ya kyauta. Gidan haya ko ka shekara talatin a ciki ba ka gadar da shi.

Ummu Haidar:
Ni dai ku yi haƙuri in mayar da ku baya. Me ya sa aka soke kalmar sirrin? Tana mana aiki lafiya lau.

Baban Amira (Laburare):
Ke take wa aiki lafiya, Malama, mu ba ta bar mu mun yi barci ba. Sau biyu a zangon da ya wuce wani kamfani ya toshe jami'ar nan gaba ɗaya. Na'urarsu na lura: idan aka ga shiga ɗaya tana sauke ɗaruruwan takardu cikin 'yan mintuna, ko ana amfani da ita daga ƙasashe uku a dare ɗaya, sai ta rufe. Da muka bi diddigi, kalmar sirrinmu tana hannun masu shagunan buga takardu a bakin ƙofa, suna sayar da ita ga masu rubuta wa mutane furojet. Har a wani zaure na Telegram muka gan ta. Wake ɗaya ya ɓata gari, kuma ba mu da hanyar gane waken, tunda kowa da suna ɗaya yake shiga. Kowane toshewa sai mun rubuta wasiƙar ban haƙuri, mu jira kwanaki. Yanzu idan wani ya yi, shi kaɗai za a rufe.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni baƙo ne cikinku, daga Nijar na zo digiri na uku a fannin noma. Abin da na lura, da yawa a nan ba su san abin da ke hannunsu ba. Can gida AGORA muka dogara da shi, tunda Nijar na rukunin A, ba ma biyan ko dala. Na zo nan na tambayi abokan ajina, mutum biyu kawai suka taɓa jin sunansa. Alhali Research4Life kashi biyar ne: Hinari na lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, AGORA na noma a 2003, OARE na muhalli a 2006, ARDI na ƙere-ƙere a 2009, sai GOALI na shari'a a 2018. Injiniya, ɗalibanka sun gwada ARDI? Ba zai maye gurbin wanda aka rufe ba, amma da babu gara ba daɗi.

Masu jin Faransanci kuma, ko masu tarihin ƙasar Hausa da ke buƙatar abin da Faransawa suka rubuta kan Damagaram da Gobir, akwai Persée, kyauta ne, ba ya neman kalmar sirri.

Baban Amira (Laburare):
Madalla da Na Maraɗi. Ƙari ɗaya: a Research4Life kowane mawallafi na da ikon cire wata ƙasa daga mujallunsa, don haka abin da ya buɗe maka a can ba lallai ya buɗe a nan ba. Idan ka ga sunan mujalla amma ta ƙi buɗewa, sau da yawa dalilin ke nan, ba kwamfutarka ba ce.

Ɗan Birni:
Duk na ji. Amma ni har yanzu ban ga laifina ba. Malamanmu ne ke yin binciken, ba a biyansu. Su ne ke tace wa mujallun maƙalu, ba a biyansu. Sannan a juyo a sayar wa jami'arsu da dala. Ribar Elsevier, babban kamfanin wallafa mujallu, ta haura kashi 30 cikin 100. Jami'ar Kalifoniya da kanta ta yanke hulɗa da su a 2019 saboda tsada, sai 2021 suka shirya. Jami'o'in Jamus suka yi shekaru ba su da shiga. Su an ce jarumai, ni da ke cin garau-garau in sayi data an ce ɓarawo. Ustaz, kana nan? Ba an yi gargaɗi mai tsanani ga mai ɓoye ilimi ba?

Ustaz:
Ina nan, ina ta karatu. Ɗan'uwa, hadisin da kake nufi sananne ne, amma kada mu ɗora shi inda malamai ba su ɗora ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mallakar rubutu da ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa, ba ya halatta a keta shi. Akwai malaman da suka saɓa, musamman kan mai buƙata da ba kasuwanci zai yi ba. Ni ba mufti ba ne, ba zan yanke maka a zauren nan ba. Amma wanda ya karɓi kalmar sirri bisa amana ya kai shago ya sayar, wannan ba ya buƙatar dogon bincike.

Ɗan Birni:
Wannan ba ni ba ne, wallahi.

Ustaz:
Ban ce kai ba ne.

Likita:
Bari in sa baki ta wani ɓangare, ba na halal da haram ba. Shafin da Ɗan Birni ke yabo ya kusa daina ɗora sababbin takardu tun wajen 2021, bayan ƙarar da mawallafa suka shigar a Indiya. Wanda ya dogara da shi kaɗai, bitar ayyukan da suka gabata da zai rubuta za ta tsaya a can baya, mai jarrabawa na waje zai gane a shafi na uku. Kuma ba ya gaya maka an janye maƙala. Ka tuna abin da ya faru da Hindawi, kamfanin wallafa mujallu: kamfanin Wiley ya saye shi a 2021, a 2023 aka janye maƙalu sama da 8,000 daga mujallunsa, Web of Science, kundin da ke jera mujallun da aka tantance, ya cire mujallu 19 daga cikinsu, ƙarshe har sunan aka binne. Na ga ɗalibi ya gina babi guda a kan maƙala biyu da aka riga aka janye. Da ya duba a PubMed, rumbun maƙalun lafiya, da ya ga jan tambari a kansu.

Ummu Haidar:
Innalillahi. Likita, yanzu sai na koma na duba nawa ɗaya bayan ɗaya?

Likita:
Nawa ne?

Ummu Haidar:
Sittin da ɗoriya.

Likita:
Zuba su a Zotero, manhajar adana jerin maƙalu, kyauta ne. Yana nuna alama a kan wadda aka janye. Aikin dare ɗaya ne idan wuta ta tsaya.

Baban Amira (Laburare):
Tun da an ambaci Zotero, ga abin da nake ta faɗa ba a ji. Kada ku ajiye aikinku a cikin jakar rumbu kawai, kada kuma ku kwafi dogon adireshin da ke saman burauza ku ce kun adana. Wannan adireshin yakan ƙunshi hanyar shigarmu ta yanzu, daga Litinin da yawansu za su mutu. Ku riƙe DOI, lambar nan da ke farawa da 10 da ɗigo. Ko mujalla ta koma hannun wani kamfani, ita ba ta canzawa. Abin da kuka tara a jaka kuma, ku fitar da shi a fayil ɗin RIS ku zuba a Zotero ko Mendeley. Rumbu kan sauya fuska ko ya ɓace: PubMed ya canza tsari a 2020, Microsoft Academic ya rufe ƙarshen 2021, OpenAlex ya taso a madadinsa farkon 2022. ERIC da 'yan tsangayar ilimi ke ji da shi, gwamnatin Amurka ta rage masa kuɗi a 2025, aka rage mujallun da yake shigarwa. Babu wanda ya nemi shawararmu a ko ɗaya.

Tsohon Malami:
JSTOR fa? Shi kaɗai na iya, kada ku ce shi ma.

Baban Amira (Laburare):
Yana nan, Baba. Tun 2006 suka yafe wa cibiyoyin ilimi na Afirka kuɗin shiga. Ko bayan ka yi ritaya, da rajistar kanka kana iya karanta wasu maƙalu kyauta duk wata a kan allo. Sai dai yawancin mujallunsa suna baya da shekara uku zuwa biyar, don haka ya fi wa masu tarihi da adabi amfani a kan masu kimiyya.

Tsohon Malami:
Mu abin da ya shekara biyar ai sabo ne fil.

Na Maraɗi:
Kada a manta da rumbun AJOL. Tun 1998 yake tara mujallun Afirka, kuma Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a ciki. Abin da na samu kan gero da wake a can, ban same shi a manyan rumbunan ba.

Injiniya:
Duk wannan da kyau, amma ɗalibin da ke aiki kan na'urorin sadarwa ba zai samu abincinsa a AJOL ba. Hajiya, tambaya kai tsaye: akwai hanyar dawo da namu, ko mu yi masa salla?

Hajiya Babbar Ma'aikaciya:
Akwai, amma ba bana ba. Kwamiti zai sake zama kafin a tura buƙatun laburare na kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Abin da zai taimake ni a wurin abu biyu ne. Rahoton COUNTER yana ƙirga har da waɗanda suka nemi takarda aka hana su. Don haka ko bayan an rufe, ɗalibanka su riƙa shiga da imel ɗinsu su danna maƙalar, a rubuta an hana su, sannan su tafi duk inda za su, ban tambaya ba. Na biyu, wasiƙa daga tsangayarku da jerin mujallun da ba ku iya yi sai da su. Ba mamaki mu sayi goma sha biyar maimakon dukan rumbun. Kuma ina magana da takwarorina na jami'o'in da ke kusa, ko za mu yi ciniki a tare, don farashin mai saye ɗaya daban ne da na mutum shida.

Injiniya:
Wasiƙa za ta iso teburinki ranar Laraba. Amma da sharaɗi: Baban Amira ya zo sashenmu ya yi wa ɗalibai bita, a ɗakin kwamfutarmu, kowa da na'ura a gabansa. Ba a babban zaure ba.

Baban Amira (Laburare):
Na yarda, Alhamis ƙarfe 10. Ku tanadi man janareta, na ƙarshe da na je wani sashe da baki na yi bitar, ina zana maɓallai a allo.

Ɗan Birni:
Za a bar 'yan wasu sassa su shigo? Tambaya nake wa wani abokina.

Injiniya:
Ka ce wa abokin naka ya zo da kujerarsa.

Ummu Haidar:
Malam, na samo takardar imel ɗin a cikin tsohon fayil ɗin rajista. Na gwada, ya ce zai turo lamba zuwa wayar da ta ƙare da 41. Layin nan ya ɓata tun ina da cikin Haidar.

Baban Amira (Laburare):
Asabar ɗin dai, Malama. Ki zo da katin shaida da sabon layin, ki riga sha biyu, don da an kira salla suke rufewa.